Inuwa a Kumatun Hagu

Duk faɗin gaɓar kogin Magdalena babu ido irin na Don Anselmo Baldovino, kuma tun da ya fara ɗaukar hoto bai taɓa ɗaukar wanda ya lalace ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa ta fito, kuma shi ya sa aka rubuta ta da jan fenti a saman ƙofar shagonsa da ke garin Magangué. Yana da karin magana guda da ya ƙirƙira da kansa, wai fuskar da ba ta da inuwa maƙaryaciya ce. Saboda haka fitilarsa kullum daga gefe take haskawa, inuwa ta kwanta a kumatun hagu, ko jariri ne, ko amarya, ko tsohon da ya zo neman hoton da za a manna a kan kabarinsa.

'Yarsa Dilia ce ke binsa aiki. Da farko jaka kawai take riƙewa. Daga baya ta koma ita ke saita kyamara, ita ke cewa mutane su matso ko su ja baya, shi kuma ya danna. Ya ce sana'a yake koya mata. Ita ma ta yarda, don yarinyar da uba kaɗai ya rage mata ba ta cika binciken maganarsa ba.

Wata Lahadi ana yi wa jarirai baftisma, masu hoto sun yi cirko-cirko a ƙofar coci, sai Dilia ta hango wani dogon saurayi siriri da wani abu a gaban kyamararsa kamar murfin tukunya da aka huda tsakiyarsa. Abin ya kama kan filash daga sama, ya sauko ya zagaye idon kyamarar, an naɗe shi da baƙin salatif ta ko'ina.

Ta ce, "Kai mai murfin tukunya, shinkafar ta dahu?"

Ya ce, "Saura kaɗan. Tsaya haka, kar ki motsa."

Kafin ta kauce haske ya wanke mata fuska. Ya juyo da kyamarar ya nuna mata. Ba ta taɓa ganin fuskarta haka ba, fes, babu duhu ko ɗigo a ƙarƙashin hanci ko haɓa. A cikin kowace ƙwayar idonta kuma akwai wani ɗan farin da'ira.

"Mene ne wannan ka sa min a ido?"

"Zobe. Ɗaya a kowane ido. Na yatsa sai mun saba."

"Ka fara sayen sabon salatif tukuna."

Sunansa Ubaldo Támara, yana gyaran waya da kyamara a wata rumfa a kasuwar bakin kogi. Ya ce hoton ba zai turu ba sai da lambar waya. Dilia ta san ƙarya ce irin wadda ba ta buƙatar inuwa, amma ta ba shi.

Da yamma saƙo ya shigo tare da hoton.

*Ga ki nan, sarauniyata. Na duba sosai, ban ga ƙarya a fuskar nan ba. A gaida Don Anselmo.*

Ta amsa: *Murfi, ka yi hankali. Ya karanta maka hukunci tun kafin ya san sunanka.*

Tun daga nan sayen kifi ya fara ɗaukar Dilia lokaci mai tsawo. Takan zauna kan akwatin kayan gyaransa tana kallon yana aiki. Zoben robar da yake sarowa an yi shi ne don kan filash iri ɗaya, shi kuma Ubaldo sai ya sa zarto ya buɗa bakinsa, ya goge da magagari har ya hau kowane filash da aka kawo masa. Zoben yana cinye rabin haske kafin ya fito da shi, don haka yake shimfiɗa takardar azurfa ta kwalin sigari a cikinsa. Ƙasan zoben ya fi samansa duhu, sai ya manna siririyar farar leda a sama don su daidaita. Matan kasuwa sun fi kowa son hotonsa, domin hasken da ba ya barin inuwa ba ya barin tamoji, kuma babu wadda ta taɓa dawowa ta yi ƙorafin an rage mata shekara goma.

Wata rana ta ce masa, "Hoton da ke kan kabarin mamata Papá ne ya ɗauka. Rabin fuskarta a duhu yake. In na je, rabin da ba na gani nake kallo."

Ubaldo ya ajiye magagari. "Da wa kika fi kama?"

"An ce da ita."

"To ki riƙa duba hoton da na tura miki. Can duk fuskar tana nan."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da guntun salatif. "Kai dai bakinka ya fi rumfarka girma."

"Rumfar haya ce. Bakin nawa ne."

Akwai wani mai neman Dilia wanda Don Anselmo ya fi so, Dokta Fidencio Arrieta, likitan haƙori mai mota da ofis mai sanyi. Mutum ne da ke jin daɗin hira da wanda ba zai iya amsa masa ba, kuma ya dace da sana'a. Shi ma a wurin Ubaldo ya sayi zoben da yake ɗaukar hoton cikin bakin marasa lafiya da shi. Wannan ya ba Don Anselmo hujja ta biyu: hasken da aka yi don ruɓaɓɓen haƙori, a cewarsa, ba ya da hurumin taɓa fuskar ɗan Adam. Bai ga laifin aurar da 'yarsa ga mai kallon ruɓaɓɓen haƙorin ba. Wanda ya haɗa hasken ne mai laifi.

Ranar da Ubaldo ya zo neman izini, ya sa farar riga da aka goge har ta yi ƙyalli. Tía Chepa, ƙanwar Don Anselmo da ke riƙe da gidan tun rasuwar matarsa, ta kawo kofi ta tsaya a bakin ƙofa don kada wani abu ya wuce ta.

Don Anselmo ya ce, "Kai ne mai goge wa mutane fuska?"

"Ni ne, Don Anselmo. Amma yau ba hoto ya kawo ni ba."

"Hoto ne ya kawo ka. Wanda zai ɗauki 'yata sai ya iya ɗaukar ubanta. Ga ni. Ɗauka da murfin naka mu gani."

Ya zauna a kujerar shagon, a ɗakin da ba ya barin rana ta shiga, ya ɗaga haɓa. Ubaldo ya danna. Ya duba kyamara, Dilia kuma ta ga murmushinsa ya ɗauke. Hasken da ya fito daga kusa da idon kyamara yakan shiga idon mutum kai tsaye ya dawo ja, musamman a ɗaki mai duhu, kowane mai hoto ya san wannan. Idon dama na Don Anselmo ya dawo ja. Na hagu ya dawo fari fat, kamar idon dafaffen kifi.

"Kawo mu gani," in ji Don Anselmo.

Ubaldo ya kashe kyamarar. "Bai fito ba. Filash ɗin ne ya ƙi."

Don Anselmo ya yi dariya har da tari. "Chepa, kin ji? Bai fito ba. Yaro, karanta abin da ke saman ƙofata in za ka fita. Ka shanye kofinka, ba ma rowa."

Dilia ta raka shi bakin titi tana huci. "Me ya same ka? Na ga hasken da idona."

"Zan gaya miki in na tabbatar."

"Ka tabbatar da me?"

Ubaldo ya juya ya tafi. Yana tsoron ya faɗa wa yarinya cewa ubanta na makancewa alhali shi mai gyaran waya ne. Ya ga gara ya tambayi likita tukuna. Kuma a duk Magangué likita ɗaya ne ke amsa gaisuwarsa da suna.

Dokta Fidencio ya duba hoton da kyau, ya ce wannan yanar ido ce da ta nuna, ya kamata a ga likitan ido da wuri. Gaskiya ya faɗa. Sai dai bai tsaya a faɗa wa Ubaldo ba. Cikin mako guda duk wanda ya hau kujerarsa ya buɗe baki ya sauka da labarin, tare da jimamin likita kan yadda wani yaro mai neman kasuwa ke yawo da hoton dattijo yana nuna wa mutane.

Magangué gari ne mai tausayi. Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar shago suna gaida Don Anselmo da ƙarfi, kamar kunnen ne ya lalace, sannan su wuce da jariransu wurin wani mai hoton. Da yawansu rumfar Ubaldo suka nufa.

Dilia ta rubuta masa: *Da ka ce kasuwarsa kake so, da na roƙe shi ya bar maka. Ba sai ka biyo ta kaina ba.*

Ya amsa: *Sarauniyata, mutum ɗaya na nuna wa, don in san abin da zan gaya miki. Na yi wauta, amma ban yi mugunta ba. Ki kai shi asibiti ko da ba za ki sake yi min magana ba.*

Ta karanta, ta toshe lambarsa. Hoton da zobe biyu a ido kuwa ba ta goge ba. Ta gaya wa kanta cewa mantawa ta yi.

Abin da ya fi ci mata rai ba Ubaldo ba ne. Yanzu da aka faɗa, sai ta fara gani. Ta ga yadda ubanta ke lalubar hannun kofi kafin ya ɗauka. Ta ga yadda yake gaida mutane sai bayan sun yi magana. Ta tuna tun yaushe ta fara saita masa kyamara, ta ƙi ƙirgawa.

"Papá, mu je birnin Cartagena a duba idon nan."

"Idon wa?"

"Naka."

"Mija, 'yata, idon nan ya ɗauki gwamnoni biyu da bishop. Don wani mai murfin tukunya ya kasa ɗaukar hoto sai a yanka ni?"

Haka damina ta wuce, wata ta sake zagayowa. Dokta Fidencio ya ci gaba da zuwa ranar Lahadi da kwalin alewa, abin da ke nuna likitan haƙori ma yana tunanin gobe. Dilia ta rame. Ubaldo ya daina zuwa ƙofar coci, ya mayar da duk wanda ya zo masa daga shagon Don Anselmo, ya ce kyamararsa ta lalace. Wannan ita ce ƙarya ta biyu da ya yi saboda gidan, kuma ita ma ba a gode masa ba.

Tía Chepa ce ta warware zancen, ba da niyya ba. Haƙori ya hana ta cin rogo, ta je wurin Dokta Fidencio. Shi kuwa, ganin surukarsa ta gobe a kujera da auduga cike da baki, sai ya saki jiki. Ya ba ta labarin yadda yaron ya shigo ya roƙe shi kada kowa ya ji, da yadda shi likita ya ga cewa jama'a suna da haƙƙin sanin wanda ke ɗaukar hoton 'ya'yansu.

Tía Chepa ta dawo gida kumatu a kumbure, ta samu Dilia a kicin.

"Yaron nan wawa ne," ta ce da rabin baki, "amma ɗayan munafuki ne. Ni na auri wawa, mun yi shekara talatin lafiya. Je ki sayo kifi."

Dilia ta iske Ubaldo a rumfarsa yana goge bakin wani zobe. Bai ɗago ba sai da inuwarta ta rufe masa aiki.

Ta ce, "Ka rame, Murfi."

"Ke ma."

"Me ya sa ba ka gaya min a ranar ba?"

"Na ji tsoro ki tsane ni."

"Ai na tsane ka ɗin."

"Na lura."

Ta zauna a kan akwatin nan. Ta so ta yi dariya, sai kuka ya riga ta. Ya miƙa mata tsumman goge gilashi, shi kaɗai ne mai tsabta a rumfar.

A ƙarshe tsani ne ya kai Don Anselmo Cartagena, ba roƙo ba. Ya taka matakalar da ba ta nan, ya karya hannu, asibiti kuma ba ya tambayar mutum gwamnoni nawa ya ɗauka. Likitan ido ya ce yanar ba komai ba ce, ana cire ta cikin sauƙi. Abin da ke ƙarƙashinta ne matsala: hawan jinin ido ya daɗe yana cin jijiyar idanun biyu a hankali. Da an zo bara, da an tsira da na dama. Dilia ta tsaya a barandar asibiti tana tunanin bara, da saƙon da ta karanta ta toshe mai shi.

Ubaldo ne ya yi jinyar. Shi ke aske masa gemu, shi ke riƙe shi zuwa bayan gida. Don Anselmo bai taɓa tambayar hannun waye ba, kuma bai taɓa cewa na gode ba, don in ya gode to ya yarda an taimake shi. Sai ranar da za su dawo, a cikin mota, ya yi magana yana fuskantar taga.

"Kai mai murfi."

"Na'am, Don Anselmo."

"Har yanzu kana son ta?"

"Ina son ta."

"To sharaɗi ɗaya. Hoton auren 'yata ni zan ɗauka. Hoto ɗaya, nawa. Ba na son ganin wata kyamara ko waya a wurin."

Dilia ta buɗe baki, Ubaldo ya taɓa mata gwiwa. Ya ce, "Wa kuma zai ɗauka in ba kai ba?"

Ana saura 'yan kwanaki biki ya turo mata saƙo: *Kar ki damu, sarauniyata. Na buɗa bakin zobe ya hau tsohon filash ɗinsa. Na saita nisa na ɗaure da salatif. Duk inda kyamara ta kalla nan haske zai je. Tía za ta tsayar da shi a kan alama. Dannawa kawai zai yi.*

Ta amsa: *Sabon salatif?*

*Sabo dal. Na cika alkawari.*

An ɗaura aure ranar Asabar da safe. Tía Chepa ta tsaya a ƙofar coci da kwando tana karɓar wayoyi, har ta Fada, limamin cocin, sai da ta karɓa. Bayan an gama, ango da amarya suka tsaya a kan matakala, dangi suka jeru a bayansu, mawaƙa suka yi shiru. Tía Chepa ta jawo ɗan'uwanta ta tsayar da shi kan alamar alli, ta miƙa masa kyamara.

Yatsunsa suka bi jikinta kamar masu gaida tsohuwar abokiya. Suka iso wurin zoben, suka tsaya.

"Mene ne wannan?"



A hankali ya zare zoben ya miƙa wa iska, Tía Chepa ta karɓa. Ya ɓare salatif, ya murɗa idon kyamara yadda hannunsa ya saba. Ya ciro filash ɗin da igiyarsa, ya ɗaga shi can gefe, tsawon hannu.

"'Yata ba za ta shiga gidan miji da fuskar ƙarya ba. Mija, ɗan juyo. Kai kuma ɗaga haɓa."

Dilia ta ga inda kyamarar ta kalla, ta ga inda filash ɗin ya kalla. Taku biyu ne tsakaninta da gyara hannun, aikin da ta yi shekaru tana yi. Amma duk Magangué na tsaye, shi kuma bayansa ya miƙe kamar yadda ta san shi tana ƙarama. Ta matse hannun Ubaldo, ta ɗan juyo, ta yi murmushi mafi kyau da ta taɓa yi.

Haske ya tashi. Jama'a suka tafa.

A wurin liyafa Don Anselmo ya miƙe ya sa musu albarka. Ya ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya cika musu gida, ya ba su 'ya'ya masu ido irin nasa. Kowa ya ce amin. Tía Chepa ta amsa biyun farko da ƙarfi.

Hoton ya fito bayan mako guda. Katangar coci ta yi kyau ƙwarai, har ana iya ƙirga tsagun da ke jikinta. Sauran duk duhu ne, in ban da wani ɗan fari a kusurwar ƙasa, wanda Ubaldo ya ce gefen mayafinta ne, Tía Chepa kuma ta ce kwandon wayoyi ne. Ubaldo ya ce za su iya sake sa kayan ya ɗauke su a ɗaki, ba wanda zai sani. Dilia ta ce kaya za a iya sake sawa, amma ranar ba za ta dawo ba. Ta sa aka wanke shi babba, aka yi masa firam, aka rataye a falo, sama da kujera mai lilo da Don Anselmo ke zama tun da suka dawo da shi gidansu.

Ranar da aka rataye shi ya ɗaga hannu ya shafa gilashin.

"Mija, inuwar ta fito?"

"Ta fito, Papá."

"A kumatun hagu?"

"Har da na hagun."

Ya gyaɗa kai ya jingina. "Kai mai murfi, ka riƙa kallonsa. Kyauta nake koyar da kai."

"Ina kallo, Don Anselmo."

Baƙi in sun zo sukan tsaya gabansa su ƙura masa ido, sannan su yaba firam ɗin. Dilia takan kawo musu kofi. Kowace Asabar da safe kuma takan hau kujera da tsumma ta goge gilashin, ta fi daɗewa a tsakiya, daidai inda ta tsaya.